Na'iya da Maɓallin Kowa-da-Kowa

Duk tsawon layin shagunan nan babu mahaluƙin da ya taɓa jin Na'iya ya ce "ban sani ba". Har uwar da ta haife shi ta haƙura da sunansa na gaskiya, ta bi sahun jama'a. Da an ce fanka ta tsaya, "Na iya." Famfo na yoyo, "Na iya." Ranar da akuyar maƙwabta ta kasa haihuwa ma, kafin a rufe baki ya naɗe hannun riga. Fankar da ya gyara tana nan har gobe a shagon Mai Aski, tana juyi da baya, tana zuƙe iskar ɗakin tana kai wa silin. Famfon kuwa ya daina yoyo, wannan gaskiya ne, don ya daina kawo ruwa gaba ɗaya. Ita akuya dai ba a tayar da zancenta a gaban masu ita.

Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, makaho ne tun yana yaro, kuma shi ne shugaban ƙungiyar nakasassu mai ɗan ofis a ƙarshen layin, tsakanin shagon Mai Aski da na Tela. Kowa Shugaba yake ce masa. A ofishin akwai Sakatariya, mace mai tafiya a keken guragu, wadda bakinta ya fi almakashin Tela kaifi. Shi kuwa Tela kurma ne, kuma da hannunsa ya rubuta a allon shagonsa: TELA KURMA. A BUGA TEBUR, KADA A YI IHU.

Ana nan sai wata gidauniya ta aiko wa ƙungiyar kwamfuta mai magana, irin wadda ke karanta wa makaho abin da ya rubuta. Aka ce ranar buɗe ɗakin wakiliyar gidauniyar, wata Madam, za ta zo ta miƙa makulli ga wanda zai zama jami'in ɗakin kwamfuta. Aikin yana da kujera mai juyawa, da kati mai hoto da ake ratayawa a wuya. Na'iya na jin kati ya daina barci.

"Yaya, kwamfuta fa! Ai ni da ita kamar tare muka tashi."

"Ka taɓa taɓa ta?"

"Na sha tsayawa kusa da ita a banki."

Shugaba ya juya sandarsa. Ƙani dai ƙani ne. Ya ce, "To, na ba ka gwaji. In Madam ta zo ta tarar da ita tana magana, makulli naka ne. In ta tarar da ita kamar fankar Mai Aski, ko a hanya ka ga ofishin nan ka tsallaka titi."

Kafin ranar, gidauniyar ta kira taron bita kan yadda ya kamata a riƙa ambaton masu nakasa. Na'iya ya ce shi zai wakilci ƙungiya. Ya je, ya ci abin da aka raba, ya ci na wanda bai zo ba, ya sami kujerar can baya ƙarƙashin na'urar sanyi. Mai jawabi ta fara magana, ya ji ta ce "masu buƙata ta musamman", kalmar ta yi masa daɗi a kunne, sai ya ɗan rufe ido don ilimin ya zauna da kyau. Tafi ne ya tashe shi.

Washegari ya shigo ofis yana tafiya kamar wanda ya dawo daga ƙasar waje.

"Daga yau," in ji shi, "an soke makaho, an soke kurma, an soke nakasa. Kai Yaya, sunanka mai buƙata ta musamman ta ɓangaren kallo."

Shugaba ya ce, "Ni buƙatata ta musamman shayi ce, kuma tun safe na aike ka."

"Yaya, ilimi nake ba ka."

"Tun kana tsumma nake makaho, ban taɓa jin nauyin kalmar ba. Wannan da ka kawo kuwa, kafin a gama faɗa mota ta kaɗe ni."

Na'iya ya juya wajen Sakatariya. "Ke kuma Anti, wannan ba keken guragu ba ne. Kujerar tafi-da-gidanka ce."

"Madalla. Ni kuma mece ce, Farfesa?"

"Mai baiwa ta daban."

"Baiwar me? Ina tashi sama ne? Ka ga, ni ba na son a ce min gurguwa, wannan kowa ya sani a layin nan. In dole sai an faɗa, a ce mai nakasa. In ba dole, sunana Sakatariya. Ka ji ko in rubuta maka a goshi?"

"Rashin zuwa bita ne ke damunki," in ji Na'iya, cikin tausayi.

Ya wuce shagon Tela da alli a hannu zai gyara masa allo. Tela ya dube shi, ya dubi allin, ya ɗaga dutsen guga mai zafi ya yi masa murmushi. Ko ba ka iya maganar hannu ba, za ka gane wannan. Na'iya ya dawo ya ce ya bar shi ya yi tunani.

Da ya ga mutane sun ƙi gyaruwa, sai ya gyara allon ofis. Ya shafe sunan ƙungiya, ya rangaɗa CIBIYAR MASU BUƘATA TA MUSAMMAN da jan fenti. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Wani dattijo ya cire hula ya nuna sanƙonsa, ya ce buƙatarsa gashi. Wata ta zo neman maganin da zai sa mijinta ya daina minshari. Wani saurayi ya raɗa wa Sakatariya cewa tasa buƙatar ta musamman ce ƙwarai, sai dai a ba shi namiji ya gaya masa.

"Ga namiji can," in ji ta, ta nuna Na'iya. "Ya iya."

Mai Aski ya leƙo da reza a hannu. "Injiniya, ni ma a rubuta ni. Ina buƙatar iska a shagona."

Shugaba ya sa aka kankare allon a ranar. Na'iya ya ce ba komai, dama manyan masu kawo canji haka ake yi musu. Ya koma kan kwamfuta.

Nan fa aka yi ta. Ya jona wayoyi, ya goge gilashi, ya gyara zama, ya miƙa yatsa zai kunna, babu wurin kunnawa. Ya duba gaban akwatin kwamfutar, sumul. Ya duba baya, ramuka ne kawai. Ya ɗaga shi ya leƙa ƙasa. Ya danna duk abin da ya yi kama da abin dannawa, har tambarin kamfani. Ya yi mata tafi. Ya ce mata "kunnu" da murya mai kauri.

"Ko ta mutu a hanya?" in ji Sakatariya.

"Ba a cewa ta mutu. Irin na zamani ne, sai ta saba da mutum."

"Ashe ita ma mai buƙata ta musamman ce."

Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga. Shugaba ya gaji da riƙon kofin shayi, ya laluba, ya ji wani wuri mai faɗi, ya ajiye kofin a saman akwatin. Sai ji aka yi "ƙiiit", fuskar kwamfuta ta kawo haske, wata murya ta yi gaisuwa.

Ashe maɓallin a saman akwatin yake, daf da baki, shafe da jiki, baƙi a kan baƙi, ba tudu ba rami. Wanda ya ƙera shi dai da alama yana da tsohuwar gaba da 'yan Adam. Ga shi da saurin fushi: ƙuda mai ƙiba in ya sauka a kai sai ta ɗauke.

"Kun gani?" in ji Na'iya. "Na gama ɗumama ta ke nan."

Samun maɓalli ya zama sabuwar masifa. Saman akwatin nan shi ne wurin da hannun kowa ke zuwa. Shugaba ya fara koyon rubutu, ya ɗauki kofi ya mayar, ta mutu. Tela ya shigo gaisuwa ya jingina gwiwar hannu, ta mutu. Kyanwar Mai Aski ta gano wurin da ɗumi, ta mayar da shi gadonta, tana kashewa tana kunnawa duk juyin da ta yi.

"Na iya," in ji Na'iya. Ya sauke akwatin ƙarƙashin tebur, ya kwantar da shi, maɓalli na kallon waje. Sakatariya ta turo kekenta za ta yi aiki, ƙarfen ɗora ƙafa ya je ya yi wa maɓalli sallama, kwamfuta ta mutu. Ta ja baya, ta sake matsowa, ta kunnu. Ta sake, ta mutu.

"Kai, wannan ci gaba ne," in ji ta. "Da da hannu ake kashewa, yanzu da ƙafar da ba ta aiki ma ana iyawa."

"Na iya." Ya ɗauki akwatin ya ɗora can saman kabad, kusa da silin. Yanzu kam babu mai taɓawa. Babu kuma mai kunnawa, sai wanda ya hau tsani. Wannan tsarin ya kwanta wa Na'iya a rai, don ya lura duk ofishin shi kaɗai ke hawa tsani.

Shugaba ya ce, "Wato kwamfutar nakasassu, maɓallinta a inda makaho zai hau tsani, mai keke ta yi fiffike."

"Ai ina nan, Yaya."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Sauke ta."

A nan ne babbar dabara ta sauko masa. Ya ce zai ƙera abin da ko masu kamfanin ba su yi tunaninsa ba: Maɓallin Kowa-da-Kowa. Ya mayar da akwatin ƙarƙashin tebur, can ciki. Ya samo dogon falanki ya rataya shi a gefen tebur daga wannan kusurwa zuwa waccan, da ƙarafunan tsohuwar taga, yadda zai riƙa lilo. Ya cire sandar mofa, abin goge daɓe, ya kafa ta a bayan falankin, ya ɗaura guntun silifa a bakinta, ya saita ta daidai kan maɓalli. Ko ta ina ka tura falankin, sanda za ta je ta danna.

"Mai hannu ya tura da hannu," yana bayani yana haki, "mai gwiwa da gwiwa, mai sanda da sanda. Babu wariya!"

Mai Aski ya zagaya abin ya ce, "Injiniya, da maɓallin kamar ƙwayar wake yake, ana kashe ta bisa kuskure. Yanzu ka mayar da shi tsawon gado."

"Kai dai tsaya a kan gashi. Kimiyya ba a aske ta."

Ya lulluɓe teburin da farin ƙyalle har ƙasa, ya ce kada kowa ya ɗaga sai ya ƙaddamar a gaban Madam.

Ranar buɗewa ofis ya cika har waje. Masu shaguna sun rufe, 'yan ƙungiya sun hallara, har dattijo mai sanƙo ya dawo ko an dace. Na'iya ya aro kwat a wajen Tela, wadda aka ɗinka wa wani siriri bai zo karɓa ba. Maɓallin tsakiya ne kaɗai ya yarda ya shiga, shi ma bisa dole, tumbin Na'iya ya leƙo ta sama da ta ƙasa yana kallon jama'a.

Madam ta iso, mace mai fara'a da gilashi a ido, ta zauna a gaba da makulli da kati a hannu. Na'iya ya ga katin, ya haɗiyi yawu. Shugaba ya zauna gaban kwamfuta, shi dama siriri ne, tsakaninsa da falanki akwai fili. Ya riga ya rubuta jawabin maraba da kansa, kwamfuta za ta karanta. Na'iya ya tsaya a gefensa, jikin tebur.

Murya ta fara: "Muna yi wa babbar baƙuwarmu barka da..."

Na'iya ya ga ya dace a girmama baƙuwa. Ya rusuna. Tumbi ya sami falanki, falanki ya sami sanda, sanda ta sami maɓalli. Ɗif.

Idanu suka juyo kan Na'iya.

"Wutar lantarki ce," in ji Na'iya.

Kowa ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitila yana ci, fanka na juyi.

"Ta mutu," in ji Shugaba a hankali.

"Yaya, a gaban baƙi? Ba a cewa ta mutu. Ta shiga hutun wucin gadi ne." Ya juya wajen Madam ya sake rusunawa. "A yi mana afuwa, ranki ya daɗe."

"Ƙiiit." Haske ya dawo.

"Kun gani? Ladabi take so."

Jama'a suka yi tafi. Shugaba ya lalubo jawabinsa, murya ta sake ɗauka: "Muna yi wa babbar baƙuwarmu..." Tafin nan ya shiga kan Na'iya, ya dafa ƙirji ya rusuna wa jama'a. Ɗif.

"To fa," in ji Sakatariya. "Yau baƙuwa ba za ta sha barka ba."

Tela yana tsaye a gefe, kuma shi ido ne sana'arsa. Ya ga tumbi, ya ga ƙyalle ya motsa, ya ga haske ya ɗauke. Ya fara ɗaga hannu, yana nuna cikinsa, yana nuna Na'iya, yana yin alamar a ja baya. Na'iya ya ɗauka kwat yake yabawa, ya ɗaga masa babban yatsa, ya ƙara rusunawa. Ƙiiit. Tela ya kama kai. Ya buga tebur. Ya nuna tumbin da hannu biyu.

Mai Aski ya kasa daurewa, ya ɗaga murya daga bakin ƙofa: "Kai Na'iya! Kurma na yi maka magana!"

Wayyo. A gaban Madam! Na'iya ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ga kuma dama ta samu ta nuna ilimin bita. Ya dafa tebur da hannu biyu, ya miƙo jiki gaba ɗaya ta samansa yana nuna Mai Aski da yatsa, tumbi ya kwanta a kan falanki da dukkan nauyinsa.

"Wa ka ce? Maimaita! Ba a cewa kurma! Cewa ake mai buƙata ta musamman ta ɓangaren sauraro!"

"To mai sauraron ya ce cikinka..."

"Ba a cewa ciki! Wato... ba a katse mai ilimi! Mu da muka je bita, muka zauna tun safe har yamma ba ƙyaftawa..."

"Ja da baya, ɗan'uwa," in ji Shugaba, "ina jin katako na kuka."

"Yaya, bari in wayar masa da kai!"

Ƙaras! Sandar mofa ta karye. Falanki ya ɓalle daga ƙarafunansa ya sauka a kan yatsun ƙafar Na'iya. Ya yi tsalle, ƙusa ta kama ƙyallen tebur ta haɗa da wandonsa, maɓallin kwat ya harba kamar harsashi ya sami dattijo mai sanƙo a tsakar ka. Na'iya ya yi baya, ƙyalle ya biyo shi, kofin shayi ya biyo ƙyalle, gilashin kwamfuta ya biyo kofi. Sakatariya ta murza taya ɗaya, ta tare gilashin a cinyarta kamar an miƙo mata jariri.

Na'iya ya zauna daɓas a ƙasa, naɗe da farin ƙyalle, guntun silifa a kafaɗa. Ga ƙirƙirarsa a fili kowa na kallo.

"Jama'a," in ji Mai Aski, "an ƙaddamar."

Dariya ta ɓarke har waje. Madam ta cire gilashi tana share hawaye. Da ta mayar, sai ta ƙura wa Na'iya ido.

"Tsaya. Kai ne ka zo bita daga nan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," ya faɗa daga ƙasa, da ɗan sauran fata. "Kin ji labarina ke nan."

"Na ji dai minsharinka. Ni ce mai jawabin. Kujerar baya, ƙarƙashin na'urar sanyi. Sai da na ƙara murya saboda kai."

"Nazari nake yi."

"Abin da na ce shi ne: wasu na son a ce masu buƙata ta musamman, wasu ba sa so ko kaɗan, saboda haka a tambayi mutum. Kai a ina ka tsaya?"

"A farkon," in ji Sakatariya. "Ya kawo mana kan magana, ya bar gangar jikin a can."

Madam ta juya. "Shugaba, kai me ka fi so?"

"Makaho. Gajere ne, kuma nawa ne."

"Ke fa?"

"Mai nakasa, in ana maganar ƙafa. In ana maganar aiki, Sakatariya."

Ta dubi Tela, ta yi masa tambayar da hannu. Tela ya nuna allon shagonsa ta taga, ya bugi ƙirji.

Aka tayar da akwatin, aka mayar da gilashi, Sakatariya ta danna maɓalli da ɗan yatsa. Murya ta karanta jawabin tun daga barka har ƙarshe, babu wanda ya rusuna. Madam ta miƙa wa Shugaba makulli da kati, Shugaba ya miƙa su ɓangaren da yake jin ƙarar taya. Na'iya ya bi katin da ido har ya sauka a wuyan Sakatariya.

"Kujera mai juyawa kuma a bar wa baƙi," in ji ta. "Na zo da tawa, tafi-da-gidanka."

Shugaba ya laluba da sanda har ya taɓo ƙaninsa a cikin ƙyalle.

"To, ɗan'uwa. Kai ba ka tambaye mu ba, amma mu za mu tambaye ka, tunda yanzu mun ji bitar har ƙarshe. Wanne ka fi so a riƙa faɗa a layi: an kore ka, ko an fatattake ka?"

Na'iya ya miƙe, ya yafa ƙyallen tebur a kafaɗa don rufe inda ƙusa ta yi aiki, ya gyara kwat marar maɓalli. Ya yi tunani sosai.

"A ce injiniya mai hutu na musamman."

"An karɓa," in ji Shugaba. "Hutun ya fara daga tsallaken titi."

Ya fita yana ɗingishi, jama'a na buɗa masa hanya. Ya kai bakin ƙofa ke nan sai dattijo mai sanƙo, yana shafa ƙullutun da ya fito masa a ka, ya yi ƙorafi cewa agogonsa ma ya tsaya tun da abin nan ya same shi.

Na'iya ya tsaya cak. Ya juyo a hankali.

Mai Aski ya ce, "Baba, ɓoye hannunka. Gudu!"